Jinin Goggo Ya Je Ghana

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A wurin aiki ana tambaya, a islamiyya ana tambaya, har wata mata da ta kawo fitsarin ɗanta gwaji ta tsaya da kwalbar a hannu tana cewa, "Malama Hajara, an ce ke ce kika kai jini Ghana?" Ni ce. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Dutse, ina kuma karatun digiri na biyu. Mu mutanen Miga ne, gidan masu shanu. Wadda ta ja ni cikin wannan bincike ita ce Goggo Adama, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar Inna. A da ita ke tatsar shanun gidanmu duka. Shekara takwas ke nan yatsunta suka fara kumbura da safe, suka riƙa sandarewa, a hankali suka karkace gefe guda. Yanzu ko ɗaurin zani sai an taya ta. A Miga sunan ciwon ɗaya ne, sanyin ƙashi. An yi mata ƙaho, ta sha saiwa da sassaƙe, ta sha allurar kemis.

A littafi kuwa ba sanyi ba ne. Garkuwar jiki ce, wato ƙwayoyin da Allah Ya sa su tsare mutum daga cuta, suke ruɗewa su juya kan mai su. Cikin makamansu akwai wata iska da ake kira naitirik oksaid. Kaɗan daga cikinta alheri ce, ita ke sa jijiyoyi su saki jini ya gudana, da ita kuma ake kashe ƙwayoyin cuta. Amma in garkuwa ta rikice, sai ta yi ta zuba ta a cikin gaɓa ba tsayawa, ta haɗu da wasu sinadarai masu zafi, su yi ta cin guringuntsi. Wahalar ita ce iskar nan ba ta zama a kama ta. Kafin ka ƙifta ido ta ɓace, sai ta bar wani gishiri a jini mai suna naitiret. Shi ake aunawa.

Na'urar da malamina yake so a auna da ita ba mu da ita. Wata abokiyar karatunsa, Dakta Efuwa, tana da ita a Accra. Na ɗebi jinin mata ashirin masu ciwon da mata ashirin masu lafiya, daga Miga da Taura da Kafin Hausa, ana tsakiyar damina. Na tace, na zuba a ƙananan kwalabe, na daskarar. Kamfanin jirgi ya ce ba ya ɗaukar irin wannan kaya a hannun fasinja, sai muka ce mota.

Da na je sallama, Goggo ta ce, "Ki gaya musu ba sadaka na ba su ba. Su duba su aiko da magani."

Na ce, "Goggo, bincike ne, ba magani ba."

Ta ce, "Eh, binciken magani."



Maigida ya ce ba zan yi wannan tafiya ni kaɗai ba, shi kuma jarrabawar ɗalibai ta riƙe shi. Sai aka ce Yaya Sale, babban wanmu, wanda ya shekara goma sha biyar yana kai shanu Legas. Ya zo Dutse da 'yar jakarsa da buta da sanda. Na roƙe shi ya bar sandar. Ya duba kular da na jera kwalaben a ciki, shuɗiya, irin ta masu sayar da zoɓo, ya ce, "Wannan ce ke ɗauke da jinin mutum arba'in? Ni na zaci duro ne." Na buɗe na nuna masa kwalba ɗaya, abin ciki rawaya-rawaya tun da an cire jajayen ƙwayoyin. Ya ce, "Wannan ai romo ne." Na ce masa doka biyu ce a tafiyar nan: kular ba ta shan rana, ba a buɗe ta sai ni. Ya ce ya ji.

A tashar Kano kwandasta ya ce kula ta shiga but tare da buhunan albasa. But ɗin yana kusa da inji. Na fara yi masa bayani da takardu, bai saurare ni ba. Yaya ya matso, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ɗan'uwa, jini ne." Nan take aka samar wa kular wuri a gaban ƙafata. Matar da ke kujerar kusa da ni ta tashi ta yi musanya da wani soja. Sojan ma bai yi mana magana ba har muka wuce Kaduna.

A Lokoja aka tsaya cin abinci. Na buɗe kular in duba ma'aunin sanyi, sai na ga gorar kindirmo a kwance tsakanin ƙanƙarar.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Wuri na gani."

"Yaushe ka buɗe?"

"Sau biyu ne kawai. Uku." Ya karɓi gorar ya girgiza. "Ai duk abin gida ne, Hajo. Jinin Goggo, nonon shanun Goggo."

Daga nan na ɗaure murfin da gyalena, ƙulli uku.

Mun kwana a hanya, muka shiga Legas da hantsi, ƙanƙara ta fara ruwa. Wani abokin Yaya a Agege ya kai mu wurin wata Bayarabiya mai ɗakin sanyi na kifi, kowa Iya yake ce mata. Ta ji abin da ke cikin kular, ta kama ƙugu, ta ce ita ba ta shiga harkar tsafi. Na fito da takardu masu hatimi, ta ce matsafa ma suna da hatimi. Da na rasa abin yi sai na ciro waya na nuna mata hoton hannun Goggo. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta zare safar roba da take aiki da ita, ta ɗora hannunta kusa da wayar. Yatsun sun karkace gefe ɗaya, kamar na Goggo, sai dai nata bai kai can ba. Sai ta ɗauki kular da kanta ta tura ƙarƙashin kwalayen kifi. Washegari ta sake mana ƙanƙara, ta ce in an samo wani abu a biyo ta nan. Na ce to. Tun daga ranar kular take ƙarnin kifi, har yau.

Daga Legas zuwa Accra iyaka uku ake ƙetarewa a yini ɗaya. A sauka, a yi layi, a buga hatimi, a hau, kafin ka gyara zama an sake cewa a sauka. A Kwatano babura sun fi na Kano yawa, masu su duk da riga iri ɗaya, mata kuma suna tuƙa nasu da kaya a ka. Ana sayar da burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri. Yaya ya saya ɗaya, ya riƙe shi yadda yake riƙe sandarsa, na ga hankalinsa ya kwanta.

A iyaka ta biyu aka kai mu wurin jami'in lafiya. Mutumin kirki ne, ya karanta takarduna ɗaya bayan ɗaya, amma da Turanci suke, shi kuma Faransanci yake ji. Aka nemo wani mai canjin kuɗi ya yi tafinta. Jami'in ya tambayi me za a auna a jinin. Na ce wata iska ce, gas. Tafinta ya juya ya ce, "Gaz." Mutum huɗu da ke ɗakin suka ja baya. Wani ya fita waje gaba ɗaya. Na ce ba irin wadda ake girki da ita ba ce, jikin mutum ne ke yin ta. Tafinta ya fassara, na ga jami'in ya dube ni, ya dubi Yaya, ya ɗan toshe hanci. Ƙarnin kifin ma bai taimaka ba. Direbanmu yana ta hon a waje, ni kuwa ina jin ɗigar ruwa a cikin kular.

Yaya ya daɗe yana kallon fuskar jami'in. Can sai ya gaishe shi da Fulatanci. Mutumin ya ɗago da sauri ya amsa. Ashe daga arewacin ƙasar yake, ɗan masu shanu. Suka gaisa har shanu da ruwa da ciyawa. Sannan na ji Yaya, wanda na ɗauka barci yake duk lokacin da nake masa bayani a mota, yana cewa, "Kamar karen da ka ajiye ya tsare maka garke ne, ya haukace ya koma cizon maruƙa. Ƙanwata tana so ta ga wurin cizon."

Jami'in ya ce, "To a kashe karen mana."

Yaya ya ce, "In ka kashe shi kura ta shigo."

Jami'in ya gyaɗa kai, ya buga hatimi. Wata shida na yi ina neman yadda zan rubuta wannan a babin farko na kundina.

A Accra mun sauka a Nima, unguwar Hausawa, gidan wata Hajiya da abokin Yaya ya haɗa mu da ita. Muka yi sallama, wata mata ta leƙo ta ce, "Hajiya ya tafi kasuwa, yanzu zai dawo." Yaya ya sunkuyo kunnena ya ce, "Hajiyar namiji ce?" Hausarsu ke nan, ba ruwanta da mace ko namiji. Kwana biyar ina jin ana cewa, "Baƙon nan ya iya gaisuwa," ana nufin ni. Na saba.

Da safe aka kawo mana shinkafa da wake a cikin ganye, an ɗora taliya, an barbaɗa garin rogo, ga dafaffen ƙwai, ga wani baƙin yaji mai mai. Abin da mu za mu raba kwana huɗu muna ci, su sun haɗa a loma ɗaya. Yana da daɗi, gaskiya. Wanda ya gagare ni shi ne dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo. Yaya ya ce da a Miga ne da an ce ya kwana uku, an ba kaji. Ya ci biyu.

A hanyar zuwa ɗakin gwaji muka yi ta ganin manyan hotuna a bango, tsofaffi cikin ado. Yaya ya tambayi direban tasi, "Wannan tsohuwar takarar me take?" Direba ya ce ta rasu, sanarwar jana'iza ce, sai wata mai zuwa za a binne ta. Yaya ya yi salati. Ya ce mu da ake rasuwa da safe a binne kafin azahar, ashe gaggawa muke. Ranar Asabar muka ga wata jana'izar da idonmu: rumfuna, kiɗa, jan kaya da baƙi, ana rawa. Sai da na lura da kyau na ga matar da ta fi kowa rawa hawaye take.

Dakta Efuwa gajeruwa ce, mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta buɗe kular, ta shaƙa, ta dube ni. Na ce dogon labari ne. Ta duba kwalaben ta ce sun iso da sanyinsu. Kwana biyu muka yi muna aiki tare. A rana ta uku ta kira ni gaban kwamfuta.

Abin da nake sa rai shi ne gishirin nan ya yi yawa a jinin masu ciwo, ya yi kaɗan a na masu lafiya. Abin da na gani kuwa, kowa nasa ya yi yawa. Wadda ta fi kowa ma wata malamar firamare ce daga Taura da ko ciwon kai ba ta yi.

Dakta ta ce, "Me suka ci kafin ki ɗebi jinin?"

Na ce babu komai, da sassafe na ɗiba kafin su karya.

"Jiya fa? Shekaranjiya?"

Na ce na karanta cewa abinci yana ƙara gishirin, na kuma duba jerin da aka rubuta: latas, da wani jan dankalin Turawa, da naman gwangwani. Babu mai cin ko ɗaya a Miga.

"Ganye fa?"

Na buɗe baki in ce a'a, sai na tuna damina ce. Na fara lissafi da yatsu. Tafasa. Rama. Zogale. Alayyahu. Lalo. Yaɗiya. Kwaɗo da rana, miya da yamma, ragowa da safe. Ban taɓa ɗaukar tafasa a matsayin abin da za a rubuta a littafin kimiyya ba. A bayan gida take fitowa, ba wanda ya shuka ta.

"Ruwan sha fa?"

Na ce rijiya.

"Kusa da gona? Ana sa takin zamani?"

Na ce ana sawa.

Ta cire tabarau ta goge da bakin riga. Ta ce, "'Yata, miyar garinku kika kawo mini."

Na fita baranda na tsaya ina kallon bango. Ba kuka sosai ba, amma na yi. Na tuna yadda na bi gida-gida ina roƙon mata su miƙo hannu, wasu sai da mazajensu suka je wurin liman suka tambaya. Yaya yana zaune a gindin bishiya yana cin gasasshiyar ayaba. Ya ga fuskata.

"Yaya aka yi?"

"Ganye muka auno."

"Har da na Goggo?"

"Har da nata."

Ya ajiye ayabar a kan takarda. Sannan ya ce, "To wa zai gaya mata? Ni dai rakiya na yi."

Washegari Dakta Efuwa ta ce akwai sauran jini a kwalaben, akwai kuma wani gwajin daban. Shi ba gishirin yake nema ba, tabon ƙunar da iskar nan ke bari a jiki yake nema, wanda miya ba ta cika shafa ba. Kayan aikinta ba za su ishi duka ba, sai kaɗan. Na ce a sa na Goggo a ciki. Aka yi. Tabon ya fito a nata da na 'yan'uwanta masu ciwon, fiye da na masu lafiya. Dakta ta ce kada in yi murna, sun yi kaɗan a ce an gano wani abu. In koma in sake ɗiba, in hana su ganye kwana uku, in ba su ruwan leda. Na ce hana matan Miga ganye da damina, ya fi sauƙi in sake ƙetare iyaka uku.

Ta tambayi wace ce mai lamba bakwai da na nace a kanta. Na ce Goggo ce, na nuna mata hoton hannunta. Ta kira wani likitan gaɓoɓi daga bene na sama, dattijo mai sanƙo. Ya kalli hoton ya ce, "Wane magani take sha?" Na ce allurar kemis, in ya tsananta. Ya ce maganin da zai tare iskar nan ita kaɗai ba tare da ya yi wata ɓarna ba, har yanzu ana nema. Amma maganin da ke kwantar da garkuwar kanta ya daɗe a duniya, kuma yana da tabbacin akwai shi a Kano. Ya ce, "Shekara nawa?" Na ce takwas. Ya miƙo mini wayar kawai.

Gara ma da ya yi faɗa. Na san da maganin. Sau biyu na ce wa Goggo mu je Kano, ta ce ba ta son asibitin birni, ana sa mutum ya yini a benci. Na bar maganar, na koma kan littafi, don littafi ba ya gardama. Daga Miga zuwa Kano ba a yini. Ni kuma sai da na je Accra.

Dawowa ba ta yi wuya ba, kular babu komai, ba wanda ya kula mu. Na biya wurin Iya a Agege na rubuta mata irin likitan da za ta nema. Ta ba mu kifi, Yaya ya sa a kular, ban hana shi ba.

Mun isa Miga da la'asar. Goggo tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ɗora hannuwa a cinya. Yaya ya gaishe ta ya ce zai je ya duba shanu, ya tafi da saurin da ban san yana da shi ba. Na zauna na gaya mata komai, ban rage ba.

Ta ce, "Wato ƙasa huɗu kika ratsa aka gaya miki na ci tafasa."

"Eh, Goggo."

"Da kin tambaye ni."

"Haka ne."

Ta juya hannunta tana kallo. "Yatsun nan za su miƙe?"

Na ce, "A'a, Goggo. Waɗanda suka karkace sun karkace. Amma in muka je Kano, ana iya tsayar da shi kafin ya gama da gwiwoyi. Tun tuni ya kamata in kai ki. Ni ce ban matsa ba."

Ta ce, "Ke kika isa ki matsa mini?" Kaza ta zo tana tsattsagar tabarma, ta kore ta da bayan hannu. "Matar Isiyaku maƙwabcinmu fa, da nata ya fara bara? Ga shi yanzu take yaye ɗanta."

"Ita in aka kama da wuri, da yardar Allah ba zai kai haka ba."

"To da ita za mu. Ki gaya wa Sale ya nemo mota ranar Litinin, ya kuma zo da tabarma, ni ba na zama a benci." Ta gyara zama. "Jinin kuma da kika ce za a sake, kwana nawa ba ganye?"

"Uku."

"Su waye a Miga?"

Na lissafa mata sunayen.

Ta ce, "Bar ni da su. Ke in kin faɗa, to za su ce miki, su ci a ɓoye. Ni hannu ne ba ni da shi, hancina lafiya lau."